Amsar da Aka Kwafa: Nazarin Martanin 'Yan Wasa a Kan Hamster Kombat da Wasannin Haƙar Kirifto

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda 'yan wasa suka karɓi Hamster Kombat, wasan waya da ya ɓulla a manhajar Telegram a watan Maris na 2024, wanda ya haɗa latse-latse da dabarar zuba jari da wasa ƙwaƙwalwa, duka da sunan haƙar kirifto. Hujjar da maƙalar ke son kafawa ita ce, a wasan da aka rataya wa alkawarin kuɗi, abin da 'yan wasa suka aikata da hannunsu ya fi abin da suka furta da bakinsu bayyana ra'ayinsu. An auna wasan da ainihin yadda ake haƙar Bitcoin, an kuma jera shi da Wordle da Opus Magnum, waɗanda masu buga su suka nuna wani hali daban.

Shekarar da yatsu suka sha aiki

Tsakanin Mayu da Satumba na 2024, da wuya a shiga majalisar matasa a Kano ko Kaduna ko Katsina ba a tarar da wani ya sunkuyar da kai kan waya ba, yatsunsa uku ko huɗu suna ta dukan gilashi. Ba saƙo yake rubutawa ba, mainin yake yi, wato haƙar kirifto. Teloli da 'yan adaidaita da ɗaliban jami'a da matan aure a cikin gidajensu duk sun shiga, har ta kai ana aika wa malamai tambaya a wuraren karatu ko abin ya halatta.

Mafarin abin Notcoin ce. Ranar 1 ga Janairu 2024 wani kamfani mai suna Open Builders ya buɗe ta a Telegram: sulalla ce ruwan zinare a tsakiyar allo, ka latsa ta makinka ya ƙaru, shi ke nan. Mutum miliyan 35 suka shiga. Ranar 16 ga Mayu aka kai sulallar manyan kasuwannin kirifto, ciki har da Binance, sai ga waɗanda aka daɗe ana yi wa dariya sun mai da maki kuɗi. A Arewa aka ce Notcoin ta fashe. Wanda bai yi ba ya ci alwashin ba za a sake barinsa a tasha ba.

Yanayin ƙasa ma ya taimaka. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A Disamba 2023 Babban Bankin Najeriya ya ɗage takunkumin da ya ƙaƙaba wa bankuna kan hulɗa da kirifto tun Fabrairu 2021, kuma kamfanin Chainalysis ya sa Najeriya ta biyu a duniya, bayan Indiya, a jerin ƙasashen da talakawansu suka rungumi kirifto a 2024. A irin wannan ƙasa ce Hamster Kombat ya sauka. A watan Yuli mai kamfanin Telegram, Pavel Durov, ya ce mutum miliyan 239 sun yi rajista cikin wata uku. Daga baya masu kamfanin wasan, waɗanda ba su bayyana sunayensu ba, suka ce adadin ya wuce miliyan 300.

Abin da ke cikin wasan

Kuskure ne a ɗauka latsawa ce kaɗai. A 2024, ɗan wasa yana matsayin wata 'yar dabba mai kama da ɓera wadda aka naɗa shugabar kasuwar kirifto. Latsawa ce jarin farko, amma gundarin wasan yana wani shafi da aka sa wa sunan haƙa, inda ake sayen katuna: wannan na buɗe sabuwar kasuwa, wancan na talla, wani na lasisi a wata ƙasa. Kowane kati yana ƙara ribar da ake samu a kowace awa, kuma ribar tana taruwa ko an rufe waya, amma na awa uku kacal. Wanda bai leƙo ba bayan awa uku, injinsa ya tsaya. Wannan ƙa'ida ita ta hana mutane da yawa barci mai nauyi a damunar 2024.

A kan wannan aka ɗora wasa ƙwaƙwalwa iri uku. Akwai kombo, wato katuna uku na sirri da ake sauyawa kullum, wanda ya dace da su ya sami maki miliyan 5. Akwai kalmar sirri da ake bugawa da harufan Morse, gajeriyar taɓawa ɗigo, doguwa layi, ladanta maki miliyan 1. Daga watan Yuli kuma aka ƙara wani ɗan allo mai sanduna ja da kore irin na jadawalin farashi, ana ture su a buɗe wa makulli hanya kafin lokaci ya ƙare. Wannan na ƙarshe tsohon wasa ne a sabuwar riga: shi ne Rush Hour na Nob Yoshigahara, ɗan ƙasar Japan, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1996, inda ake ture motoci a fitar da jar mota daga cunkoso.

A takarda, to, wasan yana da dabara kuma yana da kacici-kacici. Abin tambaya shi ne yadda mutane suka yi da su.

Haƙa ta gaskiya ba ta da kacici-kacici

Kafin a amsa, sai an ɗan ratse zuwa ainihin sana'ar da wasan ke kwaikwayo, domin a nan ne matsalar duk mai son ƙera irin wannan wasa take. Sau da yawa akan ji ana cewa masu haƙar Bitcoin suna warware wani lissafi ne mai wuya. Maganar tana ɓatar da mai sauraro. Abin da na'ura ke yi shi ne ta tattara cinikayyar da ke jira ta zama tubali guda, ta liƙa masa wata lamba, ta zuba shi cikin wani tsarin lissafi mai suna SHA-256, ta duba ko abin da ya fito ya yi ƙasa da iyakar da aka gindaya. Idan bai yi ba, ta sauya lambar ta sake. Babu alamar an kusa, babu darasin da gwajin baya ke koyarwa. Na'urorin haƙa na yau, da ake kira ASIC, suna yin wannan canke sau tiriliyoyi a daƙiƙa guda. Basira ba ta da gurbi a ciki.

Inda basira take shi ne a kewayen na'urar. Bayan kowane tubali 2,016, kusan mako biyu ke nan, tsarin yana gyara wahalar da kansa domin tubali ya ci gaba da fitowa kusan kowane minti goma. Ma'ana, duk lokacin da sababbin masu haƙa suka shigo, rabon kowa ya ragu. Ladan da ake ba wanda ya fitar da tubali ma yana rabuwa biyu bayan kowane tubali 210,000: daga Bitcoin 50 a 2009 ya koma 25 a 2012, sai 12.5 a 2016, sai 6.25 a 2020, sai 3.125 a Afrilun 2024, wata guda bayan haihuwar Hamster Kombat. Ga kuɗin wuta, wanda shi ne kashin bayan lissafin. Wutar da haƙar Bitcoin ke sha a shekara ta zarce wadda babban layin lantarkin Najeriya ke rabawa nesa ba kusa ba. Ga zafi da lalacewar na'ura. Ga doka: da Sin ta haramta haƙa a 2021, sai aka ga kwantenoni cike da na'urori suna ƙaura zuwa Kazakistan da jihar Texas ta Amurka. Ranar 15 ga Satumba 2022 kuma Ethereum, wata sulallar kirifto, ta bar tsarin haƙa gaba ɗaya, masu ɗakuna cike da katunan hoto na kwamfuta suka wayi gari da kayan da ba su da abin haƙa mai tsoka.

Duk waɗannan kayan haɗa wasan dabara ne masu kyau, domin kowane yana tilasta zaɓi mai ciwo: ka sayi na'ura yau ko ka jira mai arha, ka zauna inda wuta ke da araha ko inda doka ke da tabbas. Hamster Kombat bai ɗauki ko ɗaya a fili ba. Babu katin da ke jawo asara, babu takardar kuɗin wuta, babu gwamnatin da ke rufe maka shago. Lamba hawa kawai take yi. Dabarar zaɓen kati ba ta wuce raba farashinsa da ribarsa a ga wanda zai fi saurin mai da kuɗinsa ba, kuma ba a jima ba aka sami shafukan da ke yi wa mutum wannan lissafin.

Martanin da aka bayar da hannu

Kowace rana, mintoci kaɗan bayan an sauya kombo, amsar ta karaɗe duniya. Tashoshin YouTube da TikTok da zaurukan WhatsApp da Telegram, da Hausa da Rashanci da Farisanci da Turanci, sun mai da wallafa amsar sana'a; har jaridun kirifto na intanet suna da shafin kombon yau. Haka kalmar Morse: ana ba ka ɗigo da layi a jere, kai dai ka kwafa. Allon makulli kuwa, bidiyo ake sakawa a gefe ana bi taki-taki. Ana iya cewa miliyoyin mutane sun buga harufan Morse kullum tsawon watanni ba tare da sun haddace ko harafi biyar ba.

A ganin mai wannan maƙala, wannan shi ne martani mafi gaskiya da wasan ya samu, kuma ba a rubuce ya zo ba. Wanda ya zauna gindin bishiya yana buga dara, ɗan kallo ya nuna masa inda zai sa ɗa, haushi yake ji, domin an ƙwace masa abin da ya zaunar da shi. Ɗan Hamster kuwa godiya yake yi. Mutum ba ya neman a raba shi da abin da yake jin daɗinsa. Idan dubban dubata suka yi layi suna neman hanyar tsallake wani ɓangare na wasa, sun riga sun yanke wa ɓangaren hukunci.

Wordle ya nuna ɗaya fuskar. Josh Wardle ya sake shi ga jama'a a Oktoba 2021: kalma guda mai harafi biyar a rana, gwaji shida, kowa a duniya kalma ɗaya yake nema, daidai da tsarin kombo. Amma me 'yan wasansa suka ƙirƙiro? Wasu a New Zealand suka fara amfani da 'yan akwatuna masu launi suna nuna yadda suka yi fama ba tare da sun tona kalmar ba, mai wasan ya gani ya mai da dabarar maɓalli a cikin wasan. A Janairu 2022 jaridar New York Times ta saye shi. Jama'ar Wordle sun yi wahalar ƙera hanyar ɓoye amsa, jama'ar Hamster sun gina kasuwar fallasa ta, alhali tsarin wasannin biyu kusan ɗaya ne. Bambancin shi ne a Wordle babu abin da ake ci sai jin daɗin ganowa.

Kamfanin Zachtronics na Amurka ya bi ta wata hanyar. A SpaceChem na 2011 da Opus Magnum na 2017, ɗan wasa yana ƙera inji ne da zai yi wani aiki, kuma hanyoyin ƙera shi ba su ƙidayuwa. Da ka gama, wasan zai nuna maka jadawalin inda naka ya faɗa a cikin na sauran mutane: a Opus Magnum ana auna tsada da sauri da faɗin wuri. Nan ma ana yaɗa amsoshi, har wasan yana ba ka damar fitar da ɗan hoto mai motsi na injinka. Sai dai wanda ya ga na wani komawa yake yi ya rushe nasa ya sake gini. Da masu Hamster sun so wasa ƙwaƙwalwa na gaske a kan haƙa, ga samfuri a gabansu: a ba mutum ɗaki da wuta ƙayyadadda da zafi, a ce ya tsara.

Hannu ya ci gaba da magana ta wasu hanyoyin. A Rasha an ba da rahoton cinikin na'urar tausa mai bugawa ya tashi, saboda mutane suna ɗora ta kan waya ta yi musu latsawar. Wasu suka saka manhajojin da ke latsawa da kansu, wasu suka buɗe asusu goma a waya uku. Da kamfanin Hamster ya kawo tsarin da ke tura mutane su sauke wasu wasannin daban, irin su Train Miner da Chain Cube 2048, su buga kafin a ba su lambar karɓar makulli, nan da nan aka sami shafukan da ke ƙyanƙyashe lambobin ba tare da an buga komai ba. Kamfanin ya kira wannan maguɗi, kuma maguɗin ne. Amma mai nazari zai ga wani abu bayan haka: an ba mutane wasanni kyauta, suka zaɓi su yi kasadar rasa rabonsu da su buga su.

Hukumomi ma sun tofa nasu. A watan Yuni 2024, ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Iran, wani babban hafsan soja, Habibollah Sayyari, ya bayyana wasan a matsayin wani ɓangare na yaƙin ruwan sanyi da ƙasashen Yamma ke yi da ƙasarsa don kawar da hankalin jama'a.

Ranar rabo

Sai a ƙarshen Satumba baki ya buɗe. Kwanaki kaɗan kafin 26 ga wata, ranar da aka kai sulallar HMSTR kasuwa, kamfanin ya fitar da alƙaluma: cikin sama da miliyan 300, mutum miliyan 131 ne suka cancanci rabo, an kori miliyan 2.3 saboda maguɗi. Sulalla biliyan 100 aka ƙirƙira, kashi 60 cikin 100 ne aka ware don wannan rabon, kuma daga rabon kowa an riƙe kashi 11.25 sai bayan wata goma.

Lissafin ba ya buƙatar na'ura. Biliyan 60 a raba wa miliyan 131, kowa zai tashi da kusan sulalla 458. Farashin ranar farko ya yi ta yawo a wajen santi ɗaya na dala, kafin ya gangara. Matsakaicin rabo ke nan bai kai dala biyar ba, abin da bai cika naira 8,000 ba a canjin lokacin, kuma tun da masu dubban mabiya da suka gayyato jama'a sun kwashi kaso mai tsoka, na ƙasa ya samu abin da bai kai haka ba. A duniya aka riƙa kiran rabon ƙura. A Arewa, inda wasu suka riga suka yi wa kuɗin hidima a zuci, aka shiga lissafin datar da aka ƙona da kuɗin cajin waya a shago.

Abin lura a ƙorafe-ƙorafen da suka biyo baya shi ne inda suka dosa. An koka cewa ba a faɗi batun riƙe wani kaso ba sai dab da rabo. An koka cewa makullan da aka sha wahalar tarawa ba su yi nauyin da aka zata ba. An koka cewa an kori wasu bisa kuskure, an kuma fifita masu gayyata a kan masu bugawa. An nuna cewa tashar kamfanin ta YouTube ta tara mabiya miliyoyi barkatai saboda ana ba da maki ga wanda ya kalli bidiyo, kuma kuɗin talla aljihun kamfani ya shiga: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk waɗannan koke-koken ma'aikaci ne a kan albashi. Da wuya a ji wanda ya ce allon makulli ya yi sauƙi da yawa, ko katunan ba su daidaita ba, irin maganganun da ke cika shafin sharhin kowane wasan dabara a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta.

A nan ne ƙa'idar haƙa guda ɗaya da wasan ya ɗauka da gaske ta fito fili, ita ce kuma wadda ya ɓoye. Tukunyar rabo ƙayyadadda ce, don haka duk sabon ɗan wasa yana rage rabon na da, kamar yadda sabuwar na'ura ke rage rabon tsohuwa a Bitcoin. Bambancin shi ne mai haƙar Bitcoin yana ganin lambar wahala tana hawa kowane mako biyu, yana iya kashe na'urarsa. Ɗan Hamster lambar ribarsa kawai ake nuna masa, ana kuma ba shi lada idan ya kawo waɗanda za su raba tukunyar da shi. Akwai ma katunan da ba sa buɗuwa sai an gayyato aboki.

Zuwa farkon Nuwamba 2024, rahotanni sun nuna masu buɗe wasan a wata sun sauko zuwa kusan miliyan 41. Ya kamata a yi hattara da kwatanta wannan adadi da miliyan 300, domin ɗaya na masu rajista ne, da asusun bogi a ciki, ɗaya kuma na masu shiga ne. Ko da an yi wannan rangwame, raguwar babba ce. Alkawarin ne ya ƙare. Irin haka ta faru da Axie Infinity na kamfanin Sky Mavis na Biyetnam, wanda dubban 'yan Filifin suka mayar sana'a a 2021 suka kuma watse da farashin sulallarsa ya karye.

Waɗanda suka ce a'a tun daga ƙofa

Akwai wani rukunin 'yan wasa da martaninsu ya zo da baki, kuma ya yi tasiri nan take: masu wasannin kwamfuta da ke biyan kuɗinsu don nishaɗi. Su suna da tsohuwar ƙullalliya da masu haƙa, waɗanda suka wawashe katunan hoto a 2017 da 2021 har farashi ya yi tashin gwauron zabo, abin da ya sa kamfanin Nvidia ya rage wa wasu katunansa ƙarfin haƙa da gangan a 2021. A Yuli 2018 kamfanin Valve, mai Steam, ya cire wani ƙaramin wasa mai suna Abstractism daga Steam bayan 'yan wasa sun zarge shi da amfani da kwamfutocinsu wajen haƙa a ɓoye. A Oktoba 2021 Valve ya hana wasannin da ke cinikin kirifto shiga Steam ɗungurungum. A Disamba na shekarar, kamfanin GSC Game World na Yukren ya janye shirin saka kadarorin kirifto na NFT a S.T.A.L.K.E.R. 2 cikin kwana biyu saboda boren masoya wasan, Team17 na Ingila ma ya yi irin wannan janyewa a kan Worms a farkon 2022.

Me ya sa aka saurari waɗannan ba a saurari 'yan Hamster ba? Domin su abokan ciniki ne. Idan suka juya baya, kuɗi ya tafi, kuma tun 2015 Steam yana mayar wa mutum kuɗinsa idan bai wuce awa biyu yana wasa ba cikin kwana 14. Ɗan Hamster bai biya da kuɗi ba, da lokacinsa da idonsa ya biya, kuma ya gama biya kafin ya ga abin da ya saya.

Aikin da ke gaban masu nazari

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan guguwa alƙaluman kamfani ne da farashin kasuwa. Muryar 'yan wasan Hausa tana warwatse a bidiyoyin TikTok da rubuce-rubucen Facebook da saƙonnin murya na zaurukan WhatsApp, kuma irin waɗannan ba sa daɗewa: ana goge zaure, ana sauya waya, ana rufe asusu. A ciki akwai barkwanci da zambo da fatawoyi da lissafin asara, akwai kuma bayanin yadda matasa da dama suka fara buɗe asusun kirifto a rayuwarsu, wasu suka zarce kasuwanci, wasu suka faɗa hannun 'yan damfara masu shafukan rabo na bogi. Maƙalar tana kira ga sassan Hausa da na aikin jarida da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu su haɗa hannu su tattara wannan kaya tun yana samuwa, su sakaya sunayen masu shi, su kuma yi hira da waɗanda suka buga, musamman mata, waɗanda ba a cika jin ta bakinsu a majalisa ba.